Jirgi Ya Shanya Ka A Filin Sakkwato? Daina Bidiyon Zagi, Ka Nemi Haƙƙinka

Yau ba maganar gyaran sikirin ko yadda ake rage cin data na zo da ita ba. Faɗa na zo yi da ku, musamman mutanenmu na Wurno, Rabah da Goronyo.

Duk lokacin da jirgi ya yi latti a filin jirgin Sultan Abubakar III da ke Sakkwato, abu biyu muke yi. Wasu su zaro waya su yi bidiyo suna zagi, su ɗora a Facebook da TikTok, a yi ta "Allah ya isa" a ƙarƙashi, washegari kowa ya manta. Wasu kuma su naɗe hannu su ce haka Allah ya ƙaddara. Duka biyun kamfanin jirgi suke yi wa aiki, domin babu wanda ya sa ya fitar da ko sisi.

Ɗan'uwa, akwai doka a kan wannan. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, tana da ƙa'idoji da ta sabunta a 2023, kuma kashi na 19 gaba ɗayansa a kan haƙƙin fasinja yake. Ga abin da ya tanada a tafiyar cikin gida, kamar Sakkwato zuwa Abuja:

Cikin minti 30 bayan lokacin tashi ya wuce, dole a faɗa maka dalilin jinkirin.

Bayan awa 2, a ba ka abin sha da ɗan abin taɓawa, da damar kiran waya ko tura saƙo kyauta.

Idan ya wuce awa 3, kana da ikon cewa ka fasa tafiyar, a maido maka da kuɗin tikitinka.

Idan jinkirin ya kai ka tsakanin ƙarfe 10 na dare zuwa 4 na asuba, ko lokacin da aka rufe filin jirgin, kamfanin ne zai kama maka otal, ya kai ka, ya dawo da kai.

Idan ya haura awa 6, akwai diyya, kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikiti. Wato in ka biya naira 120,000, kana bin su 30,000.

Maido da kuɗi ma yana da wa'adi. Wanda ya biya tsaba a hannu, nan take ake ba shi. Wanda ya biya da kati ko tiransifa, cikin kwana 14.

To yanzu ka duba maganar otal ɗin nan da kyau, don mu ta fi shafa. Mutumin da gidansa ke cikin birnin Sakkwato, in an soke jirgi da dare, adaidaita zai tara ya koma ya kwana a gadonsa. Kai fa da ka fito daga Goronyo tun da sassafe, ka ratsa birni kafin ka isa filin jirgi? Kowa ya san halin da hanyoyin gabashin Sakkwato suke ciki a 'yan shekarun nan saboda 'yan bindiga. Babu mai hankalin da zai kama hanyar Goronyo ko ƙauyukan Rabah da tsakar dare. Ke nan ko dai ka kwana a kan benci, ko ka taso ɗan'uwa a birni da dare, ko ka biya masauki daga guzirin tafiyarka. Alhali doka ta ɗora wannan nauyin a kan wanda ya karɓi kuɗinka ya kasa tashi da kai.

Na san wani zai ce, ai jirgi na masu kuɗi ne, ina ruwan talaka? Malam, ka leƙa ɗakin jira ka gani. Akwai mai rakiyar mara lafiya zuwa asibiti a Abuja. Akwai ɗalibin da zai je intabiyu. Akwai wanda ya sayar da buhunan albasa ya sayi tikiti don gudun haɗarin doguwar hanya. Waɗannan ne dubu talatin take yi wa ciwo, kuma su ne ba su san suna bin bashi ba. Babban mutum yana da yaron da zai rubuta masa takarda.

Wani kuma zai ce haƙuri ya fi. Haƙuri yana da kyau, amma tikiti ciniki ne. Ni mai gyaran waya ne. In na karɓi kuɗinka na ce ka zo da la'asar, ka zo na ce sai jibi, kuma ba zan maido maka da kuɗi ba, za ka ce ƙaddara ce ka tafi? Wallahi sai duk layin kasuwa ya ji muryarka. Me ya sa muke tsare ƙaramin mai sana'a a kan dubu biyu, amma mu sunkuyar da kai gaban kamfani a kan dubu ɗari?

Sai dai a yi adalci. Ba kowane jinkiri ne laifin kamfani ba. Lokacin hunturu, in hazo ya rufe sama, matuƙi ba ya ganin titin sauka, kuma gara a makara da a rasa rai. Dokar ma ta cire biyan diyya idan dalilin ya fi ƙarfin kamfanin, kamar yanayi mara kyau. Amma hazo ba ya mayar da kuɗin tikitin da ba a yi tafiya da shi ba ya zama nasu. Kuma shi ya sa za ka nemi a faɗa maka dalili, ka adana shi, don kada matsalar inji ta rikiɗe ta koma "hazo" bayan kwana biyu.

Ga inda wayarka take shigowa, kuma nan ne muka fi yin sakaci:

1. Wajen yankar tikiti, ka tsaya a sa lambarka da imel ɗinka. Da yawanmu wajen ejan muke saye, shi kuma sai ya sa nasa. Saƙon canjin lokaci wajensa zai je, kuɗin da za a maido ma sau da yawa ta hannunsa za su bi. In ta hannun ejan ka saya, karɓi risit.

2. Yi sikirinshot na tikitin da ke nuna lokacin tashi na asali, tun kafin manhajar kamfanin ta sauya shi.

3. Kada ka goge saƙon tes ko imel da suka turo na jinkiri. Shi ne babbar shedarka.

4. Ɗauki hoton allon sanarwa da katin shiga jirgi. Wayarka tana ajiye rana da lokaci a bayanan kowane hoto. Amma in ka tura ta WhatsApp a matsayin hoto, waɗannan bayanan suna gogewa, don haka ka tura shi a matsayin fayil, ko ka haɗa shi a imel.

5. Abinci, mota, masauki, duk abin da ka kashe, ɗauki hoton risit.

6. Taho da caja da fawa bank. Wayar da ta mutu ba ta ba da sheda.

Daga nan ka fara da kamfanin. Rubuta musu imel gajere: sunanka, lambar tikiti, lambar jirgi, rana, awa nawa aka yi, da abin da kake nema. In Turanci ne matsala, rubuta da Hausa ka sa wani ya juya maka, ba abin kunya ba ne. In sun yi shiru ko sun yi ta maka yawo da hankali, ka kai ƙara NCAA. Tana da jami'an kare haƙƙin fasinja a filayen jirgi, kuma a 2024 ta buɗe shafin intanet na musamman don shigar da koke da waya. Ka shiga ta ainihin shafin hukumar, kada ka danna kowane linki da aka turo a guruf. Duk wanda ya ce ka ba shi lambar katinka ko OTP don ya karɓo maka diyya, ɗan damfara ne.

Kada ka ce ai ba a yin komai. A Disamban 2024 hukumar ta sanar da ɗaukar mataki a kan kamfanonin jirgi biyar saboda laifuka irin su ƙin maido wa fasinjoji kuɗinsu a kan lokaci. Koken da mutane suka rubuta ne ya jawo hakan. A Turai, tun dokar 2004, fasinja yana iya karɓar Yuro 250 zuwa 600, kuma kamfanoni suna biya ne don mutanen can suna bin haƙƙinsu a rubuce.

Abu na ƙarshe, don Allah kada ka huce a kan ma'aikacin da ke kan kanta. Ba shi ya ɓata jirgi ba, kuma rigima a filin jirgi tana iya mayar da mai gaskiya mai laifi. Ka tambaye shi dalili cikin mutunci, ka rubuta lokacin da ya faɗa maka.

Datar da kake ƙonawa wajen ɗora bidiyon zagi ta ishe ka tura imel ɗari. Ajiye wannan rubutun a wayarka, ka tura wa duk wanda ka san zai hau jirgi daga Sakkwato. Wanda ya kasa buɗe imel ko haɗa hotuna cikin fayil guda, ya yi magana a ƙasa, za mu yi darasi a kai in sha Allah.