Shimfiɗar Lateks Ba Ta Gyara Katifar da Ta Lotsa

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Instagram, da wuya ba ka ga tallan nan ba: a warware wata farar shimfiɗa a kan katifa, mutum ya faɗa kai, a ce maka ciwon baya ya ƙare. Ra'ayina shi ne, yawancin matasan Dugabau da sauran garuruwan Kabo da Gwarzo da wannan talla ke burgewa, ba ita suke buƙata ba.

Shimfiɗar saman katifa kaurinta inci 2 ne ko 3, kuma duk siffar da ta tarar a ƙasa ita take bi. In katifarka ta yi rami a tsakiya, ramin yana nan, sai dai ya ƙara laushi. Ka ɗora doguwar sanda a kan katifar, ka duba ko akwai sarari a ƙarƙashinta. In akwai, tara kuɗinka ka sayi sabuwar Vitafoam ko Mouka (wadda, af, a Kano tushenta yake, tun 1959).

Wanda shimfiɗar za ta amfana shi ne mai katifa lafiyayya amma mai tauri, wanda yake tashi kafaɗa da ƙugu suna ciwo, musamman mai kwanciya a gefe. A nan kam lateks na zaɓa, ba soson memori ba. Soson memori yana yin laushi ne da ɗumin jiki, ya rungume ka ya riƙe zafin. A watan Afrilu, ga ɗakin kwano, ga babu wuta balle fanka, wannan azaba ce ka saya da kuɗinka. Lateks kuwa daga ƙaron bishiyar roba ake yin sa, irin wadda ake nomawa a Edo da Delta, kuma ana huda masa ƙananan ramuka da iska ke ratsawa. Kana danna shi ka saki, nan take zai dawo.

Matsalar ita ce saye ta waya. Ba duk abin da aka kira lateks ne na bishiya ba. Akwai na haɗi da ake yi daga man fetur, akwai kuma soso zalla da aka canja wa suna. Hoto ba zai nuna maka ba, amma nauyi zai tona asiri. Lateks na gaske mai ƙafa 6 da 6, kaurin inci 3, yakan kai kilo 15 zuwa 20. In ka ga an rubuta kilo 4, wuce kawai. Ka sa mai sayarwa ya zuge rigar ya turo maka bidiyon ramukan. Ka kuma tambayi kuɗin kawowa tun kafin ka tura ko sisi, domin kaya mai wannan nauyi sai ya sauka Kano tukuna, sannan ka nemi motar hanyar Gwarzo.

Sai al'adarmu ta shanya katifa a rana. Kada ka yi wa lateks haka. Rana tana busar da shi har ya riƙa marmashewa. A inuwa ake shan iska da shi, kuma a bar shi cikin rigarsa. Wanda kuma safar hannu ta roba ke sa wa ƙaiƙayi, ya tuntuɓi likita kafin ya saya.