Wa Ya Rubuta Damben Shago?

A watan Fabrairu na 1976, a garin Innsbruck na ƙasar Ostiriya, wata 'yar Jamus ta Yamma mai suna Rosi Mittermaier ta ci lambar zinariya biyu a wasannin Olamfik na hunturu. Wasanta kuwa shi ne tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara, watau mutum ya ɗaura dogayen katakai a ƙafa ya gangaro daga kan dutse. Saura ƙiris ta haɗa ta uku, sai Kathy Kreiner ta Kanada ta riga ta da kashi 12 cikin 100 na sakan guda. A shekarar nan ta zama zakarar duniya, kana ta aje wasa tana da shekara 25. Ta rasu a 2023, amma ko yau wanda ya so yana iya bin tserenta ɗaya bayan ɗaya tun daga 1967: ranar da aka yi, dutsen da aka gangaro, da wanda ya zo na biyu.

Mu ba mu da ƙanƙara, ba mu kuma sha'awarta. Abin da ya tsone mana ido shi ne littafin. To, mu juyo gida. Ƙasar Gandi ta Rabah ce ta haifi Ɗan'anace, makaɗin da ya kai sunan Shago da na Ɗandunawa inda ƙafarsu ba ta taka ba. Duk wanda ya tashi tsakanin Rabah da Wurno da Goronyo ya san yadda fagen dambe kan cika bayan kaka, in an kai hatsi rumbu, kalangu ya ɗauka, samari su naɗe hannu su shiga. Amma a tambaye mu: dambe nawa Shago ya yi? A wace shekara ya fara, a wane gari, wa ya kashe a turmi na nawa, wa ya kai shi ƙasa? Sai mu kama rera waƙa. Waƙa kuwa, duk da zaƙinta, aikinta kambamawa ne. Makaɗi ba alƙali ba ne, ba ya lissafa faɗuwar ubangidansa, kuma ba laifinsa ba ne. Ya yi nasa, ya yi shi da kyau. Mu masu alƙalami ne muka bar namu.

Wani zai ce ai wannan halin Turawa ne, su da suke da agogo da kuɗi. Sai mu ce masa ya leƙa ƙetaren iyaka. Tun 1975 Jamhuriyar Nijar ta mai da kokawa gasar ƙasa, aka fara a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Daga nan ana iya jero sarakunan kokawa shekara bayan shekara har da Issaka Issaka na Doso. Mutanenmu ne, harshenmu ɗaya, ba su fi mu arziki ba. Hukuma ce kawai ta ɗauki wasan talakawa da daraja.

A jami'o'inmu an rubuta kundaye masu yawa a kan waƙoƙin Ɗan'anace, an feɗe salonsu da azancinsu, madalla. Sai dai an yi nazarin kirarin, an manta da mai kirarin. Ga shi kuma lokaci ba ya jiranmu. Dattawan da suka ga waɗannan karawa da idonsu suna ta ƙarewa, kuma ɓarnar 'yan bindiga, irin wadda aka yi a kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, ta warwatsa mutanen ƙauyuka da yawa na gabashin Sakkwato. In tsoho ya bar garinsu, da labarin fagen garin yake tafiya.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin Hausa na makarantunmu, da 'yan'uwanmu sababbin ma'aikata a ofisoshin ƙananan hukumomin nan uku. Aikin ba ya bukatar kwangila. A wannan hutu mai zuwa kowane ɗalibi ya sami sarkin fawa ko tsohon makaɗin garinsu, ya ɗauki maganarsa a waya, ya rubuta sunan ɗan dambe, garinsu, abokan karawarsa, da shekarar, ko da da zamanin wane hakimi za a auna ta. Inda baki biyu suka saɓa, a rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa.