Ra'ayinmu: A Karɓi Jingar Murya a Jami'a, Amma da Rubutu a Gefenta

Duk malamin jami'a da ya taɓa karɓar jingar babban aji ya san abin da ke cikin tulin takardun nan. Da yawa kwafi ne daga intanet, wasu a shagon buga takardu aka harhaɗa su, kuma tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 rarrabe aikin ɗalibi da na na'ura ya ƙara wuya. Shi ya sa ake ta shawarar a riƙa sa ɗalibai su naɗo jingarsu da murya, su tsara ta kamar gajeren shirin rediyo, wato fodkas.

Shawarar ta dace da mu. Mutanen da suka saba da Sashen Hausa na BBC tun 1957, suka taso da Rediyon Kaduna, yau kuma saƙon murya a WhatsApp ya fi musu sauƙi a kan rubutu, ba sa bukatar a koya musu darajar sauti. Ɗalibin tarihi ko na adabi a Jami'ar Bayero zai iya zuwa marinar Ƙofar Mata ya zauna da dattawan sana'ar, ya naɗo bayaninsu da wayar da ke aljihunsa. Wannan ilimi ne da mafi yawansa ba a rubuce yake ba, kuma masu shi suna ta tsufa. Sannan wanda zai fayyace darasi da bakinsa cikin minti biyar, dole ya fahimce shi tukuna. Mai karanta abin da bai gane ba, kunne kan kama shi.

Sai dai akwai tsada. In ɗalibai 300 suka miƙo sautin minti goma-goma, malami na da sauraron awa 50, kuma sauti ba ya dubuwa a gurguje kamar takarda. Ga kuɗin data, ga rashin wuta, ga hayaniyar ɗakin kwana. Akwai mai in'ina, akwai kurma, akwai ɗalibar da ba ta son muryarta ta yi yawo a intanet, kuma tana da haƙƙin ƙi. Abin da ya fi damun mu shi ne rubutu. Ɗalibanmu sun riga sun yi rauni a nan, ga kundin kammala digiri na jiran su. Zaƙin baki na iya rufe ƙarancin bincike.

Matsayinmu shi ne a karɓi jingar murya, a cikin makin gwaje-gwajen zango kawai, ban da babbar jarrabawa. A yi ta rukuni-rukuni, kada ta wuce minti bakwai, kowane ɗalibi ya haɗa da rubutaccen shafi da ke nuna inda ya samo bayanansa. Maki ya tafi ga hujja, ba ga kyan makirufo ba. Wanda murya ta yi wa wuya a ba shi zaɓin rubutawa, kuma kada a ɗora sautin kowa a intanet sai da yardarsa da ta dattijon da aka yi hira da shi.