Kakakin Fadar Daura: A Adana Ilimin Maƙera

A matsayina na mai nazarin harshe, ina ganin kakaki magana yake yi. Karin sauti ne ke rarrabe kuka na hawaye da kuka ta miya, kuma wannan hawa da sauka mabushi ke kwaikwayo idan yana yi wa Sarki kirari ranar Sallar Gani. Tsawon bututu ke tsayar da kaurin amo, faɗin bakin busa kuwa shi ke sauƙaƙa wa leɓe sauya sauti. Idan maƙeri ya kuskure awo, kirari ya gurɓace. Don haka ina kira ga Masarautar Daura da ta tara maƙera da mabusa, a rubuta awon tsofaffin kakakai tun masanan suna raye. Allah ya sa a duba.