Kyan Zuciya a Jikin Aro

A fim ɗin Shallow Hal na 2001, an juya tunanin Hal har ya riƙa ganin kyan zuciya. To, da wace siffa aka nuna mana zuciyar Rosemary? Da siririyar Gwyneth Paltrow! Ashe ko alheri sai ya rame kafin Hollywood ta aminta da shi. Ƙibar kuwa, wadda kayan roba ne aka ɗaura wa jarumar, an tanade ta don nishaɗi: kujera ta karye, 'yan kallo su sheƙe da dariya.

Ina mamakin 'yan'uwana Kirista masu ɗaukar wannan a matsayin wa'azi. Annabi Ishaya ya siffanta Bawan Ubangiji da rashin kyan gani, kamanninsa a ɓace, mutane suna kau da kai. A haka aka ce mu dube shi, ba a aro masa wani jiki ba.