Fatalwar Sinima Da Darasin Da Ke Cikinta

Duk wanda ya ratsa Babbar Kasuwar Kaduna, wadda yanzu ake kira Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ya san yadda jama'a ke ƙaunar finafinan Indiya. Abin takaici shi ne, samarin yau sun juya wa tsofaffin baya, alhali kuwa a cikinsu hikima take.

Ga misali Mahal na 1949, inda Madhubala ke yawo cikin dare tana waƙa kamar fatalwa, ashe 'yar mai kula da lambun gidan ce. A cikin Bees Saal Baad na 1962, kisan da mutanen ƙauye suka ɗora wa kurwar wata budurwa, ashe mahaifinta ne ke ɗaukar fansa. A Woh Kaun Thi na 1964 kuwa, da tagwaye aka ƙulla makircin haukata wani likita don a cinye masa gado. Babu aljani ko ɗaya. Inuwa da waƙa kaɗai suka ishi mai kallo tsoro.

Lalle ya kamata masu shirya finafinan Hausa su yi koyi da wannan, maimakon cika faifai da dodannin kwamfuta. Domin kuwa har gobe 'yan damfara na kiran mutane ta waya da muryar aljanu suna raba su da dukiyarsu. Fim ɗin da ya koya wa ɗalibi tambayar wa zai ci riba da tsoronsa, ya yi wa ƙasa aiki. Biri dai ya yi kama da mutum.