BA GITA KE KASHE KALANGU BA

'Yan uwa masu karatu, ina da magana. Na san wasu dattawa ba za su ji daɗinta ba. Su yi mini haƙuri, su karanta har ƙarshe.

Wata rana da marece muna zaune gindin bedi nan Gabi. Wani yaro ya kunna waƙa cikin salularsa. Waƙar ƙungiyar Tal National ce ta Yamai. Gita tana gudu, ganga tana bin ta, kalangu yana magana tsakaninsu. Sai wani dattijo ya ce a kashe. Ya ce wanga kiɗan Nasara ne, kuma irinsa ne ya lalata kiɗan iyayenmu. Mutane sunka gyaɗa kai. Ni ban yarda ba. Ga dalilina.

Da farko, su wane ne Tal National? 'Yan Nijar ne. Wani mutum mai suna Hamadal Isufu Mumin, wanda ake kira Almeda, shi ya kafa ƙungiyar a Yamai a shekarar 2000. Sun ɗauko sunansu daga rairayin Tal da ke jihar Difa. Cikinsu akwai Bahaushe, akwai Bazabarme, akwai Bafillace, akwai Buzu. Suna waƙa da harsunan ƙasarmu. Wani kamfani na Ingila mai suna FatCat ya fitar da faifansu Kaani a 2013. Zoy Zoy ya biyo baya a 2015. A 2018 sunka fitar da Tantabara. Ku dubi sunan nan. Ai Hausa ce, tsuntsuwar da muke kiwo cikin gidajenmu.

Wanda ya saurari faifan nan uku a jere zai ji kiɗan ya sake. Cikin Tantabara ya ƙara sauri, ya ƙara zafi. Gita ta yi kaushi, ganga ta matso gaba. Wasu sun fi son na da, wasu sun fi son na baya. Wannan ba abin faɗa ba ne. Makaɗin da ya shekara 18 yana aiki, in bai koyi sabon abu ba, barci ya yi. Amma abu guda ba su yar ba: kalangu. Sun tafi da shi har Amurka, sun kaɗa shi gaban mutanen da ba su taɓa ganinsa ba. To, ina tambaya. Wanda ya ɗauki kalangu ya kai shi wata duniya, shi ne ya kashe shi?

Na biyu, kiɗan da muke kira na gargajiya shi ma ya sha sakewa. Ku tuna Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Kuntigi yake kaɗawa. Da me ake yin kuntigi? Sau da yawa da gwangwanin kifi ne, a rufe shi da fatar akuya, a ɗaura tsirkiya guda. Gwangwani kuwa ba kakanninmu sunka ƙera shi ba, daga kanti ya fito. Ɗan Maraya ya yi waƙar Karen Mota, ita ma mota baƙuwa ce. Wa ya taɓa cewa waƙarsa ba Hausa ba ce?

Ku tuna Alhaji Mamman Shata, mutumin ƙasar Katsina, maƙwabcinmu. Bai bar kalangu ba har ya rasu a 1999. Amma mu nan Gabi, ta ina munka ji muryarsa? Ta rediyo da kaset. Da ya ƙi na'urar ɗaukar murya don baƙuwa ce, da jikokinmu ba su san shi ba.

Ku tuna Malam Maman Barka, ɗan ƙasarmu, wanda ya rasu a 2018. Malamin lakkol ne, ya yi suna da gurumi. Da girmansa ya tafi bakin tabkin Cadi ya koyi biram wajen wani tsoho, Bukar Tar, don kada kiɗan ya mutu tare da tsohon. Ya sake kayan kiɗa da furfura a kansa. Ba wanda ya ce ya ɓata.

Ku dubi ma wagga takarda da ke hannunku. Baƙaƙen nan na boko daga waje sunka zo. Amma maganar da ke ciki tamu ce. Haka gita take a hannun ɗan Nijar.

Yanzu bari in ba dattijo gaskiyarsa. Tsoron da yake ji ba na banza ba ne. Kiɗanmu yana ciwo. Akwai waƙoƙi da yawa da ake haɗawa cikin ɗaki da fiyano kaɗai. Mutum guda ya danna na'ura, ta yi kukan kalangu, ta yi kukan ganga. Ba fata, ba makaɗi, ba 'yan amshi. Amma wa ke kiran wanga kiɗa cikin garuruwanmu? Mu ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ku dubi bikinmu na yau. In za a yi aure ko suna, sai a aika a ɗauko yaro mai lasifika da injin wuta. Ya sa ɗan kati cikin na'ura, a kwana ana rawa. Kuɗin da anka saba ba makaɗin gari, sai su tafi ga haya da mai. Makaɗi yana zaune gida, gangarsa tana rataye, gara tana cin icen. Ɗansa yana kallo. Ya ga sana'ar ba ta ciyar da ubansa. Da rani sai ya ɗauki jaka ya tafi ci-rani Maraɗi ko Kano. Ranar da tsohon ya kwanta dama, duk abin da ke cikin kansa a rufe shi tare da shi. Ba gita ta yi wannan ba. Rowarmu ce da son sauƙi.

Me muke asara? Ba daɗin kunne kaɗai ba. Makaɗin gari ya san sunan ubanka da na kakanka. Ya san taken manoma, ya san na mahauta, ya san na maƙera. In ka shigo fili zai gan ka, ya juya kiɗa ya kira ka. Ranar gayya, gangar noma ke sa mai kasala ya riƙe hauya har azahar. Na'ura ba ta ganin kowa. Abin da ta faɗa a Gabi, shi za ta faɗa a Ɗan Isa, shi za ta faɗa a Jibiya. Ku dubi kokowa. Tun 1975 da anka fara gasar ƙasa a Tawa, ɗan kokowa bai daina son makaɗinsa a bakin fili ba. Ya san kaset ba ya yi masa kirari lokacin da kafarsa ta fara rawa.

Don haka ga abin da nake roƙo. In kana da biki, ka ɗauko lasifika in kana so, amma ka ba makaɗin gari yini guda, ka sallame shi da mutunci. In an kira gayya, a kira ganga. In ɗan makaɗi ya ce zai koyi gita, kada a zage shi. A ce masa ya fara riƙe kalangun ubansa, sannan ya haɗa su biyu. Ku kuma da kunka shiga yaƙi da jahilci, ga aiki ya samu. Ku ɗauki littafi da alƙalami ku tafi wajen tsofaffin makaɗa. Ku nemi izininsu. Ku rubuta take da kirari da sunayen waɗanda sunka koya musu.

In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Wannan ba mutuwa ba ce. Mutuwar kiɗa ita ce makaɗi ya kwana da yunwa cikin garin da ake biki.

Wanda bai yarda da ni ba, ya rubuto. Ai yanzu ya iya.